Rigar ruwa ta farauta: yoyo take yi ko gumina ne?

Ɗan Autan Dawa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan rigar ruwa. Shekarata ta biyu ke nan da fara fita farauta, kuma sau uku ruwa yana kama ni a dawa ina dawowa sharkaf, alhali da rigar ruwa a jikina. Wadda nake sawa irin mai tantani ce a ciki, wadda aka ce ruwa ba ya shiga amma gumi yana fita. Fitar da na yi ta ƙarshe na yi tafiyar kusan awa uku da jaka a baya. Ruwan ma ba mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne da ya ƙi ɗaukewa. Da na tuɓe rigar, kafaɗuna da gadon bayana jagab. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na zauna dako daga baya, sai sanyi ya kama ni har hannuna yana rawa, na kasa riƙe bindiga daidai, dole na haƙura na koma. Shin in yar da ita in sayi ta roba irin ta masunta? In kuma wata zan saya, me zan duba?

Kawu Maharbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka yar da komai, amsa min abu uku. Me ka sa a ƙarƙashin rigar? Yaushe rabonka da wanke ta? In ruwa ya sauka a kanta, yana dunƙulewa ya gangare ne, ko yadin yana shanye shi ya yi duhu?

Ɗan Autan Dawa:
Kawu, rigar auduga ce a ciki. Wanki kuwa ban taɓa yi mata ba, don ina tsoron kada sabulu ya kashe ta. Da tana sabuwa ruwa yana gangarewa, yanzu kam shanyewa take, ta yi duhu ta yi nauyi, musamman a kafaɗa inda igiyar jaka take gogawa.

Injiniyan Yadi:
To ai ka riga ka faɗi ciwon da bakinka, ɗan'uwa. Ruwa ba ya tsami banza. Ina kyautata zaton rigarka ba ta huje ba, guminka ne ya rasa hanyar fita.

Bari in ɗan faɗaɗa, don wannan abu yana rikita mutane da yawa. Irin wannan riga abu biyu ne suke aiki tare a jikinta. Na farko tantanin da ke ciki, shi ne yake tare ruwa. Wanda ya fi shahara shi ne Gore-Tex, wanda asalinsa ya faro a 1969 lokacin da wani injiniya Ba'amurke, Bob Gore, ya fizgi sandar wani nau'in roba da ake kira PTFE mai zafi da sauri, ta miƙe ta zama abu mai ƙananan ƙofofi. Kamfanin yana cewa ƙofofin sun kai biliyan 9 a kowane inci murabba'i, kowace ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Shi ya sa ɗigo ba ya wucewa, tururin jiki kuwa yana iya fita. Na biyu kuma maganin da ake shafa wa yadin waje, wanda za ka ga an rubuta DWR a takardar rigar. Shi ne yake sa ruwa ya dunƙule ya gangare.

Wannan maganin na waje yana mutuwa. Dauɗa, maiƙon jiki, hayaƙi, da gogar igiyar jaka su ne suke cinye shi. Da zarar ya mutu, yadin waje ya jiƙe, ruwa ya shimfiɗu a kansa ya rufe hanyar tururi. Tantanin yana nan lafiya lau, ruwan sama bai shiga ba, amma guminka yana taruwa a ciki ya koma ruwa, yadin da ya jiƙe kuma yana manne maka da sanyi. Kai da kake ciki ba za ka iya bambancewa ba, sai ka rantse yoyo ne. Ga kuma jaka a bayanka ta toshe wurin gaba ɗaya, babu tantanin da zai fitar da tururi ta cikin jaka.

Rashin wankin da ka yi don ka kare ta, shi ne ya fi cutar da ita.

Kawu Maharbi:
Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ni ra'ayina daban. Duk rigar da sai an yi ta lallaɓa ta, a wanke da sabulu na musamman, a fesa mata magani, a gasa ta, ba rigar dawa ba ce a wurina. Shekaru na yi ina amfani da ta roba, wadda aka narka gaɓoɓinta aka haɗe ba da allura ba. Ba ta da maganin da zai mutu. Ruwa ya yi kwana uku yana zuba, ka girgiza ta ka rataye, da safe a bushe take, domin tun farko ba ta sha ruwa ba. Laka ko jini ya taɓa ta, ka watsa mata ruwa shi ke nan. Ƙaya ta yage ta, ka manna faci ka ci gaba da harkarka. Ku dubi masu kamun kifi a teku, waɗanda ruwa yake dukansu safe da yamma, me suke sawa har gobe? Kamfanin Helly Hansen ma da ake ji, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ne ya kafa shi a Norwe a 1877, da yadi mai kauri da ake jiƙawa da man linsid don ma'aikatan teku. Mutanen da ruwa ya fi dama ba su taɓa neman riga mai numfashi ba, mai tare ruwa suke nema.

Mai Kwari da Baka:
Kawu, da girmanka, amma masunci a tsaye yake a jirgi, ba ya hawan tudu da kaya a baya, kuma kifi ba ya jin motsin rigarsa. Mu da muke sanɗa har mu kusanci dabba da taku ashirin ko talatin, roba mai tauri tona mana asiri take yi. Ka ɗaga hannu za ka ja tsirkiya, hannun riga ya gogi ƙirji, dabba ta ɗaga kai. An gama. Kuma in ka yi tafiyar awa ɗaya a cikinta, jiƙewar da za ka yi da gumi ta fi ta ruwan da kake gudu.

Kawu Maharbi:
Ban musa maganar gumi ba. Amma a cikin ruwa wa ya ce ka yi sauri? Ni in na sa roba rage tafiya nake yi, in buɗe gaba, in bar ƙasan rigar a sake iska tana shiga. Maganar ƙara kuma, ba duk roba ce mai tauri ba. Akwai mai laushi da take miƙewa, wadda aka shafa wa yadin saƙa, wannan ta fi da yawa daga cikin masu tantanin nan shiru. Kuma ruwan da yake zuba a kan ganye yana rufe ƙaramin motsi.

Mai Kwari da Baka:
Yana rufewa lokacin da yake zuba. Amma lokacin da dabbobi suka fi fitowa shi ne in ya ɗauke, daji ya yi tsit, kai kuma rigar tana jikinka. A nan ake gane riga.

Mai Dako:
Ina ganin ku biyun kowa farautarsa yake bayani, shi ya sa ba za ku haɗu ba. Ni zama nake yi. Ina iya shafe awa biyar a wuri ɗaya ban motsa ba, a bakin ruwa ko a kan hanyar da dabba take bi. A wurina maganar numfashin riga ba ta da nauyi, don ba gumi nake yi ba. Abin da nake tsoro shi ne ruwa ya ratso ta mazaunai da gwiwa. Wando ma ya fi min riga muhimmanci. Mutane suna zuba hankalinsu a kan riga su sayi wandon da ya samu, alhali ciyawa mai raɓa kaɗai ta isa ta jiƙa ka har cinya ko da ɗigo ɗaya bai sauko daga sama ba. Ni mai ƙirji nake so, wanda yake da igiyoyi a kafaɗa, saboda in ka sunkuya ko ka zauna bayanka ba ya buɗewa.

Ɗan Auta, tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce, a cikin awa goma na fitarka, nawa kake tafiya, nawa kake zaune?

Ɗan Autan Dawa:
Yaya Mai Dako, gaskiya gauraye ne. Nakan yi doguwar tafiya in isa wuri, sannan in zauna. Wataƙila rabi da rabi. Injiniya, lambobin nan da nake gani a jikin riguna, 10,000 mm, 20,000 mm, me suke nufi? Mafi girma shi ne mafi kyau?

Injiniyan Yadi:
Gwajin matsin ruwa ne. Ka ɗauka an kafa dogon bututu a tsaye a kan yadin, ana zuba ruwa a ciki har sai ya fara ratsawa ta ƙasa. Tsayin da ruwan ya kai shi ne lambar. Wato 10,000 mm na nufin yadin ya ɗauki ruwa mai tsayin mita 10 kafin ya yi naso.

Za ka ce wane ruwan sama ne zai kai haka? Babu. Amma matsi ba daga sama kawai yake zuwa ba, kuma a nan maganar Mai Dako ta fito. Ruwa mai tsayin mita 10 daidai yake da nauyin kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. To ka durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka ɗora kilo 40 na nauyinka a kan gwiwa ɗaya, a ce wurin da ya taɓa ƙasa santimita murabba'i 40 ne. Ka ga ka kai wannan 10,000 ɗin cif. In akwai tsakuwa ko saiwa a ƙarƙashin gwiwar, matsin ya fi haka. Saboda haka ga wando, da kafaɗar da take ɗaukar jaka, ni ina son 20,000. Ga rigar da za ka ajiye a jaka don ko-ta-kwana, 10,000 ta wadatar. Abin da ya haura 20,000 kuma ban ga ya cancanci a wahalar da kai a kansa ba.

Akwai lamba ta biyu ta fitar tururi. Wasu suna rubuta giram nawa na tururi yake wuce mita murabba'i ɗaya a awa 24, a nan babba ta fi. Wasu kuma suna rubuta RET, wato ma'aunin yadda yadin yake tare tururi, a nan ƙarama ce ta fi, ƙasa da 6 ana ɗaukarta mai kyau ƙwarai. Amma kada ka dogara da waɗannan sosai, don hanyoyin gwajin sun bambanta, lambar wannan kamfani ba lalle ta yi daidai da ta wancan ba.

Kuma in faɗi abin da zai goyi bayan Kawu. Tururi yana fita ne in cikin rigar ya fi waje ɗumi da laima. In ana ruwa kuma ana zafi, iskar waje ta cika da laima, to tantani mafi kyau a duniya ma kaɗan zai fitar. A irin wannan yanayi zif ɗin hammata ya fi kowace lamba amfani. Buɗe shi, iska ta shiga, gumi ya fita kai tsaye. Ni ba na sayen rigar tafiya da ba ta da shi.

Kawu Maharbi:
Madalla. Ashe dai ƙarshenta iska ake nema ta shiga, abin da nake yi da robata ke nan.

Injiniyan Yadi:
Haka ne Kawu, a lokacin zafi kusan kunnen doki kuke. A lokacin sanyi kuwa, mai tafiya da tantani ya fi ka bushewa nesa ba kusa ba.

Uwar Ɗinki:
Sannunku da muhawara. Ni ba na farauta, amma ina gyaran irin waɗannan kaya, kuma ina so in ja hankalin Ɗan Auta kan inda riga take mutuwa da gaske. Da wuya a kawo min wadda yadinta ya gaza a tsakiya. Kusan kullum ɗinki ne. Duk inda allura ta bi, rami ne. Shi ya sa ake manna tef a bayan ɗinkin da zafi. In za ka saya, juya rigar ciki ya koma waje, ka bi kowane ɗinki da ido. Wasu a kafaɗa da hula kawai ake sa musu tef, a bar gefe da hannuwa. Don farauta nemi wadda aka rufe duka. Ka sa farce a gefen tef ɗin a hankali, in yana ɗagowa tun tana sabuwa, ajiye ta.

Ka dubi inda ɗinkin kafaɗa ya faɗa. In a saman kafaɗa yake daidai inda igiyar jaka ko ta bindiga take zama, nan zai fara lalacewa. Masu tsara riga da hankali suna saukar da shi gaba ko baya.

Sai bayan wuya. Maiƙon gashi da gumi a nan suke taruwa, kuma su ne suke sa tef ya saki, tantani ya rabu da yadi ya yi kumbura-kumbura. Rigar da ba a wankewa a nan take fara ɓarewa. Duba taka a wurin yanzu.

Zif kuma, irin mai sheƙin nan da aka rufe haƙoransa yana rage ruwa ne, ba ya hana shi ɗungurungum. Kada ka sa waya ko harsashi a aljihun waje ka ce sun tsira, sa su a leda tukuna. Ni na fi yarda da zif da yake da murfin yadi a kansa.

Wani abu, kada ka naɗe riga da danshi ka cusa a jaka ka manta. Wadda aka shafa wa robar foliyuretan a ciki, laima da zafi suna ruɓar da shafin, ya yi danƙo, ya yi wari, ya riƙa zubowa kamar dusa. In ta kai nan babu gyara. Shanya ta a inuwa ta bushe sarai, ka rataye ta.

Ɗan Autan Dawa:
Na gode Anti. Na duba, tef ɗin yana nan daram ko'ina, bayan wuyan ne kawai ya yi baƙi da dauɗa. To yaya zan wanke ta?

Uwar Ɗinki:
Fara karanta ɗan ƙyallen da ke jikinta, shi ne gaba da maganata. Amma galibi ga yadda ake yi: zuge duk zif, wanke da ruwa mai ɗumi kamar digiri 40, da sabulun ruwa kaɗan ko wanda aka yi don irin waɗannan kaya, irin na Nikwax ko Grangers. Ban da garin sabulu, ban da bilic, ban da maganin laushin kaya. Ɗauraye sau biyu. In ta bushe, zafi kaɗan yana farfaɗo da maganin waje: minti 20 a na'urar busar da kaya, ko ka shimfiɗa tawul a kanta ka bi da dutsen guga mai ɗumi, ba tururi. Sannan ka yayyafa mata ruwa ka gani. In ya dunƙule, ta dawo. In har yanzu tana sha, sai ka fesa sabon magani, ka fi ba kafaɗa da hannuwa.

Ma'aikacin Jinya:
Ku yi haƙuri in dawo da mu baya kaɗan, don akwai abin da Ɗan Auta ya faɗa da ya fi rigar muhimmanci, kuma an wuce shi. Ya ce hannunsa ya yi ta rawa har ya kasa riƙe bindiga. Wannan gargaɗi ne jiki yake yi. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Ba sai ana ƙanƙara mutum yake shiga haɗari ba. Jiƙaƙƙen kaya, iska tana kaɗawa, ga gajiya, ka zauna ba motsi, sun isa. In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga matsala. Alamun farko makyarkyata, yatsu su ƙi aiki, sai magana ta fara sarƙewa, tunani ya rikice, mutum ya riƙa tuntuɓe. In makyarkyatar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani, a nemi taimako da gaggawa. Ga kuma makami a hannu. Komawar da ka yi ita ce daidai, ƙanena.

Rigar audugar nan ita ce ta yi maka wannan aiki. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ba ta bushewa a jiki. Ko wace irin rigar ruwa ka saya, sa ulu ko foliyesta a ciki. Kuma tunda kana tafiya sannan ka zauna, ɗauki busasshiyar riga ɗaya a leda, da ka isa wurin dako ka canza ta ciki kafin jikinka ya huce. Minti biyu ne.

Kawu Maharbi:
Wannan magana ba ni da ja a kanta ko kaɗan. Ɗana, riƙe ta da kyau.

Mai Kakin Zuma:
Har yanzu ba wanda ya ambaci yadin auduga mai kaki, shi ne nawa. Kamfanin Barbour tun 1894 suke sana'ar kayan ruwa a South Shields ta Ingila, kuma har yau mafarauta suna sa irin rigarsu. Ƙaya ba ta yi mata komai, ba ta ƙara, in kakin ya ragu ka narka wani ka shafa da hannunka. Tawa ta daɗe ƙwarai.

Mai Kwari da Baka:
Tana da ƙarko, amma tana da nauyi, tana tauri in an yi sanyi, kuma tana da wari. Dabbar da take rayuwa da hancinta fa?

Mai Kakin Zuma:
In iska ta ɗauki warinka zuwa wurin dabba, ko me ka sa ta ji ka. Kula da inda iska take kaɗawa shi ne magani. Amma na yarda ba rigar ruwan kwana biyu ba ce, a ruwa mai yawa kafaɗa takan yi naso. Ta yayyafi ce da kutsawa cikin sarƙaƙiya.

Mai Dako:
Tunda an zo maganar shiru, a yi hattara da rigunan da aka yi wa waje mai laushi kamar gashi-gashi don kada su yi ƙara. Na yi amfani da ɗaya. Shiru kam ba a magana. Amma in ta sha ruwa nauyinta ya ninka, ta kwana ba ta bushe ba, ƙarangiya kuma ta mayar da ita gidanta. In fitar yini ɗaya ce ka koma gida ka shanya, babu laifi. In za ka kwana a dawa, kada ka kuskura.

Ɗan Autan Dawa:
To launi fa? Dole sai mai zanen ganye?

Mai Kwari da Baka:
Ba dole ba ne. Motsi da sheƙi su ne suke tona mutum fiye da zane. Riga mai ƙyalli in ta jiƙe tana walƙiya daga nesa, wannan ka guje shi. Binciken da aka yi kan idon barewar Amurka ya nuna tana ganin shuɗi sosai, amma ba ta bambance ja da ruwan lemo yadda muke yi. Shi ya sa a jihohi da yawa na Amurka doka ta tilasta wa masu farautar barewa da bindiga sa kaya masu launin ruwan lemo mai haske, don mutum ya ga mutum, kuma bai hana su samun nama ba. Saboda haka shuɗiyar riga ce ba na so. Tsuntsaye kuwa lamarinsu daban, suna ganin launi ƙwarai, mai farautar agwagwa dole ya saje da wurinsa. Duba dokar inda kake farauta, in ana buƙatar launi mai haske, ya kasance a saman rigar ruwan yake, ba a ƙarƙashinta ba.

Kuma in za ka gwada riga, kada ka tsaya gaban madubi kawai. Sa ta a kan kayan da za ka sa a dawa. Ɗaga hannu kamar za ka saita, ka ga ko hannun rigar yana janyewa ko ƙasanta yana ɗagewa. Durƙusa. Sa hular ka juya kai hagu da dama, in fuskarka tana shigewa cikin hular maimakon ta bi ka, ba ta yi ba. Ni ma sau da yawa hula mai baki nake sawa in bar ta rigar, don tana toshe min kunne. Sannan ka goga hannu da gefen jiki a wuri mai shiru ka saurara.

Injiniyan Yadi:
Ƙari a kan wannan: don shiga ƙaya nemi mai hawa uku, wato yadin waje da tantani da shafin ciki a manne wuri ɗaya. Mai hawa biyu da rabi, wadda ba ta da cikakken shafin ciki, ta fi sauƙin ɗauka, amma cikinta yana saurin gogewa kuma tana manne wa fata. Ka dubi lambar kaurin zare da ake rubuta wa D a gaba. 20D ta masu gudu ce, sarƙaƙiya za ta cinye ta, daga 70D zuwa sama ta fi jure wahala.

Sannan ku sani maganin waje na sababbin riguna ya canza. Na da yana ɗauke da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa da ruwa, kuma jihohin Kalifoniya da New York sun fara hana su a tufafi daga Janairun 2025. Kamfanoni da yawa sun koma wani. Ni ina goyon bayan canjin, don ruwan da muke farauta a bakinsa shi dabbobin suke sha. Amma sabon maganin ba ya korar maiƙo kamar tsohon, saboda haka yana son wanki akai-akai.

Kawu Maharbi:
Ku ƙara masa da wannan: ƙafar wando a kan takalmi take sauka, ba a cusa ta ciki, in ba haka ba duk ruwan da ya gangaro a cikin takalmin zai ƙare. Kuma a sa rigar ruwa tun hadari yana haɗuwa, ba sai an jiƙe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana, gwada kayanka a gida.

Ɗan Autan Dawa:
Iyayena, na dawo da labari. Na wanke ta yadda Anti ta ce, ruwan wankin har ya yi baƙi. Na bi ta da dutsen guga a kan tawul. Ƙirji da baya ruwa yana gangarewa kamar da, kafaɗa ce kawai ta ƙi, sai da na fesa magani. Sannan na sa riga mai ruwan toka a ciki don in ga duk inda ya jiƙe, na tsaya a ƙarƙashin shawa minti goma sha biyar ina jujjuyawa. Babu ɗigo ko ɗaya sai ɗan wurin haɓa inda zif ya ƙare. Ashe ba yoyo take yi ba.

Ga abin da na yanke. Rigar zan ci gaba da ita don tafiya, in bar auduga, in riƙa ɗaukar ta canji a leda kamar yadda Yaya Ma'aikacin Jinya ya ce. Wando kuma zan bi Kawu da Yaya Mai Dako in nemi na roba mai laushi mai ƙirji, in riƙa sa shi in na isa wurin zama. Matsala ɗaya ta rage, rigar ba ta da zif a hammata. Anti, ana iya sa mata?

Uwar Ɗinki:
Ana iyawa, amma sai wanda yake da tef ɗin da ake mannawa da zafi, don sabon ɗinkin ma sai an rufe shi ta ciki. In telan da ka samu ba shi da shi, kada ya taɓa ta. Kafin nan ka riƙa sassauta bakin hannu da igiyar ƙasa, ka zuge gaba zuwa ƙirji in ruwan ya lafa. Ka fita da ita sau biyu ko uku a haka tukuna, in har yanzu bayanka yana jiƙewa sai mu yi maganar yanka ta.